Kafin ka ɗaga teburin kowa

Assalamu alaikum.

Mai sunan Malam,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau, sai zafi da rashin wuta. Ƙafar Ummanku ta yi sauƙi, har ta fara fitowa tsakar gida da kanta.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa, alhali tsakanina da kai adaidaita ɗaya ce. To, tun da aka rantsar da kai shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa, sau biyu ka zo gidan nan, duka biyun da mutane a bayanka, wayoyi biyu a hannu suna ta ruri. Ba zan yi maka irin wannan magana a gaban yaranka ba. Shi ya sa na zaunar da Auta, ina faɗa tana rubutawa, tunda idona ya daina ɗaukar ƙananan baƙaƙe. Na gaya mata duk abin da ta ji ya tsaya a kan takardar nan.

Shekaranjiya bayan isha'i muna zaune a dakalin masallaci, wani yaro ya miƙo min waya ya ce, "Baba, ga Shugaba." Sai ga ka a tsaye kan benci da lasifika a hannu, kana cewa kwana 7 ka ba duk wanda ya kafa tebur ko rumfa a kan kwata, in bai ɗauke ba za a ɗauke masa. Ana ta tafi da kabbara. Mutanen dakali suka yi min barka, suka ce ɗa ya gaji ubansa. Na ce amin. Da na shigo gida tuwon ma ban iya ci ba.

Kada ka ɗauka ina goyon bayan masu zama a kan hanyar ruwa. Shekara 41 na yi a cikin kasuwa. Na san warin atamfar da ta kwana a ruwan kwata. Na san yadda shadda take fitar da zane-zane in ta jiƙa ta bushe, ka karyar da ita rabin kuɗi ma a ƙi saye. Abin da ruwa ya yi a Kantin Kwari a watan Agustan 2022 kowa ya gani da idonsa, kuma duk wanda ya tsaya ya kalli gobarar kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ba sai an gaya masa illar cunkoson rumfuna ba. Mutanen da suka zaɓe ka don wannan suka zaɓe ka. Kwatar nan dole a buɗe ta. A nan babu jayayya tsakanina da kai.

Kwana 7 ɗin ne ya hana ni barci.

Bari in tambaye ka, ka ba wa kanka amsa, ba ni ba. Tebur nawa ne a kan kwatar? Kada ka ce suna da yawa. Nawa ne? A cikinsu nawa ne masu kayan kansu, nawa ne yaran da suke karɓar kaya bashi a wurin iyayen gida, su sayar su kawo kuɗi ranar Alhamis? Kai ma ka san mafi yawan ɗan tebur jarinsa yardar da aka yi masa ce, ba kuɗi ba. Ran da ka ɗaga teburinsa ba ka ɗaga bashin da ke kansa ba. Bashin yana nan, shi kuma ba shi da inda zai tsaya ya biya. Sannan wa yake yankar musu tikiti kullum da safe, shekara da shekaru? Ba ƙungiyar da kake shugabanta yau ba? Mutumin da ya tara rasit ɗinku a leda a ƙarƙashin teburinsa, da wane baki za ka ce masa ɗan mamaya ne? Ko ba kai ka karɓa ba, kujerar da kake kai ita ta karɓa.

To, ka ɗaga su. Ina za su? In ba ka nuna musu wuri ba, su za su nuna wa kansu. Za su koma bakin titi, masu kula da hanya su kore su, su dawo ƙofar shagunan mutanenka, bayan wata biyu ka gan su a kan kwatar, sai dai yanzu da gaba a tsakaninku.

Ita kanta kwatar, ka taɓa binta da ƙafa tun daga kanta har inda take juyewa? Ba a mota ba. Ka naɗe wando ka bi ta. Ruwa bai san iyakar ƙungiya ba. In toshewar tana can ƙasa, a wata kwalbati da leda da robar ruwa suka cushe, a layin da ba naka ba, to ko ka share naka tas ruwan zai je ya tarar da ƙofa a rufe ya dawo muku. Sai maganar ƙasar da za a yaso. Ka san al'adarmu a garin nan: a taru ranar Asabar da shebur da baro, a yashe kwata, a jibge baƙar ƙasar a gefe, a ɗauki hoto, kowa ya watse. Ruwan farko ya mayar da ita inda ta fito. Tifa nawa za ta kwashe? Wa zai biya, kuma a ina za a zubar? Ka zauna da hukumar kwashe shara, REMASAB? Ka je hukumar tsara birane, KNUPDA, su da taswirar magudanan take hannunsu kuma doka ta ba su ikon cewa wannan gini ya hau hanya? Domin ƙungiyar 'yan kasuwa ba hukuma ba ce. Ran da wani ya kai ƙara, sunanka za a rubuta a sammaci, masu kabbara kuwa kowa yana shagonsa.

Ban ce ka zauna ba. Yanzu muna Afrilu. Ruwan da yake cin kaya a Kano na Yuli da Agusta ne. Kana da lokacin da za ka ƙirga, ka nemo wuri, ka tara kuɗin tifa, sannan ka sa rana. In ka yi wannan, aikin kansa ba zai ci kwana uku ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma wanda ya fafe tasa tun jiya ai shi yake riga kowa fita.

Malam, Allah Ya jiƙansa, idan yana karanta mana Hijira a zaure ba ya saurin wucewa. Sai ya tsaya ya ce mu ƙirga da yatsa. Sayyidina Abubakar ya tanadi raƙuma biyu yana kiwata su wata huɗu kafin ranar. An ɗauki ɗan jagora wanda ya san hanyar sahara, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, ko da yake a lokacin ba Musulmi ba ne, saboda shi ya iya. Madina tana arewa, aka yi kudu zuwa kogon Saur, aka kwana uku har neman ya lafa. Abdullahi ɗan Abubakar yana kawo labarin gari da dare. Nana Asma'u ta shirya guzuri. Amiru ɗan Fuhaira yana bi da tumaki, a sha nono, sawu kuma ya ɓace. Kafin wannan duka an yi mubaya'ar Aƙaba sau biyu, an tura Mus'abu ɗan Umairu Madina ya zauna da mutanen can, ba a ce wa kowa ya tashi ba sai da masauki ya samu. Sannan aka bar Sayyidina Ali a Makka don ya mayar wa mutane ajiyar da suka ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mutanen da a cikinsu akwai masu neman ransa. Malam ya kan ce, wannan wanda Jibrilu yake zuwa wa ke nan. Fitar kuwa dare ɗaya aka yi ta. Sunan wanda ya karanta mana wannan kake ɗauke da shi.

A rayuwata ma na ga iri biyun. Ina saurayi aka mayar da tuƙi hannun dama, ranar Lahadi 2 ga Afrilu 1972, zamanin Audu Baƙo yana gwamna. Tun da sauran watanni rediyo take ta maimaitawa, aka bi tashoshi ana faɗa wa direbobi, aka shirya alamomin hanya. Har masu jakai da 'yan kura sun san ranar. Ƙasa guda ta juya a safiya ɗaya. Shi kuwa canjin kuɗin da ya wuce ba sai na ba ka labari ba. An sanar a watan Oktoban 2022, sababbin 200 da 500 da 1000 suka fito 15 ga Disamba, aka ce 31 ga Janairu tsofaffin sun mutu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sai da Kotun Ƙoli ta sa baki a watan Maris. An karɓe na hannun mutane, sabon bai wadata ba. Kai da kanka ka gaya min kwana nawa ka yi ba ka yi cinikin kirki ba, mai saye yana tsaye, turmi yana hannunsa, kuɗi sun maƙale a waya. Wata biyu ba su cika ba tsakanin fitowar sabon kuɗi da wa'adin mutuwar tsohon. Kai kuma kwana 7 ka bayar.

Duk wannan kewaye nake yi. Ga abin da ya sa na ce a ɗauko takarda.

Kana da shekara huɗu, a daminar 1988, shekarar da dam ɗin Bagauda ya ɓalle, ni ne shugaban layinmu. A watan Agustan nan ruwa ya shiga mana da dare. Da safe na tarar da dilolin da ko kwance su ban yi ba suna zaune a cikin laka, kuma rabinsu kuɗin Kawunka ne, ka san abin da ya biyo baya tsakanina da shi. Raina ya ɓaci. A bakin layi akwai tebura a kan kwata, ba su fi goma sha ba. Ban yi shawara da kowa ba. Sarkin kasuwa ya aiko a ce min in dakata a zauna, na ce zaman me, ruwa zai jira mu ne? Na tara samari bayan magariba, na ba su kuɗin shayi, na ce kafin asuba kada in ga ƙafar tebur ko ɗaya.

A cikin masu teburan akwai wani dattijo ɗan koli. Allura, zare, maɓalli, almakashi, alli na teloli. Yana da wata akwatin katako mai marfin gilas, ya jera zare a ciki launi-launi, kore na bin shuɗi, ja na bin ruwan goro, kullum da safe sai ya goge gilas ɗin da gefen rawaninsa. In na zo wucewa ya ce, "Alhaji ƙarami, an fito?" alhali ko Legas ban cika zuwa ba a lokacin, balle Makka. A ƙarƙashin teburin yake kulle akwatin ya tafi gida, ya bar wa mai gadi.

Ni tebur na ce a ɗauke. Wallahi tebur na ce. Amma wanda ya tara samari da dare ba shi yake zaɓar wanda zai biyo su ba. Da gari ya waye babu tebur, babu akwati. Na iso na same shi a tsugune yana tsintar maɓallai a cikin taɓo, ɗaya-ɗaya, yana zubawa a hularsa. Gilas ɗin a farfashe. Ya ɗago ya dube ni. Bai zage ni ba, bai yi Allah ya isa ba. Cewa ya yi, "Da ka gaya min ai da na ɗauke." Ya koma tsintarsa.

Zan iya kare kaina, kuma na yi shekaru ina yi. Ba ni na sace ba. A kan hanyar ruwa yake zaune. Asarar da na yi a daren farko ta ninka jarinsa sau ɗari. Kowa a layin ya yaba min, har da waɗanda daga baya suka ce su ba da su aka yi ba. Duk gaskiya ne. Amma kwana ɗaya tak, in aika yaro ya bi tebur-tebur ya faɗa, in sa mutum biyu masu hankali su tsaya a kan kayan mutane, me zai rage min? Kuma ka san abin haushin? Damina ta zagayo ruwa ya sake shiga. Toshewar tana can gaba, a ƙarƙashin titi. Ban taɓa zuwa na duba ba.

Bai sake dawowa kasuwa ba. Da zan tafi aikin Hajji na shiga neman mutane ina roƙon gafara, na sa aka yi min kwatancen gidansa a cikin gari, wani lungu da ko babur ba ya shiga. Na tarar ya shekara biyu da rasuwa. Na ba iyalinsa abin da na ba su, suka karɓa suka yi godiya, ba su ma san ko ni wane ne ba. Shi ne mai yafewar, kuma ya tafi. Na yi masa addu'a a Arfa, ina yi masa har yau, amma ban san yadda za mu ƙare da shi ba. Ummanku kaɗai ta san wannan. Ga Auta nan ta ajiye biro tana kallona, na ce ta ci gaba.

Wannan ne tsorona. Ba kotu ba, ba faɗuwa zaɓe ba, ba abin da za a rubuta a kanka a Facebook ba. Ina tsoron a cikin teburan nan akwai irin dattijon nan, ko wata bazawara da ta ba yaronta jarin adashi, ko almajirin da ya shekara biyar yana dako kafin ya samu katako huɗu ya kafa. Ba ka san su ba, domin ba ka ƙirga ba. Irinsu ba sa zuwa taro, ba sa ɗaga murya, ba su da wanda zai kira ka a waya. Sai ran da abu ya faru ka gan su a tsugune. Ni guda ɗaya na ɗauka, ga shi ya kusa kai ni kabari bai sauka ba. Kai nawa kake shirin ɗauka? Asarar dila ana mayarwa, na mayar da tawa cikin shekara uku. Haƙƙin wanda ya mutu bai yafe ba, a wace kasuwa ake biyansa?

Kuma bari in gaya maka abin da waɗannan na bayanka ba za su gaya maka ba. Kana da garaje. Tun kana ƙarami haka kake, in an aike ka sai ka kai ƙofar gida ka dawo tambayar me aka ce a sayo. Maganar filin Rijiyar Zaki ban manta ba, kai ma na san ba ka manta ba, kuma ka san wanda ya rufa asiri. A lokacin kuɗinka ne da nawa. Yanzu abincin mutane ne. Su waɗannan 'yan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa da suke ce maka "Shugaba ba ka wasa", ina suke ran da kake neman wanda zai tsaya maka? Wanne ne a cikinsu ya taɓa ce maka a'a? In ka duba babu, to ba mashawarta gare ka ba, maroƙa ne. Kana son a ce ka yi a kwana 7 abin da na baya suka kasa a shekara bakwai. Na gane, ni ma na so a faɗi haka a kaina. Amma ka tambayi kanka ko kwatar kake son buɗewa, ko bakin masu cewa yaro ne ba zai iya ba kake son rufewa.

Na yi zafi. Ka yi haƙuri. Ban taɓa shakkar zuciyarka ba. Yaron da ya ɗauki Goggo a bayansa ya hau da ita bene a asibiti ba mugu ba ne. Ran da aka ce ka ci zaɓe, Ummanku ta raba goro har maƙwabtan maƙwabta, ni kuma na shiga ɗaki na rufe ƙofa don kada a ga idona.

Na san abin da yake cin ka yanzu: ka riga ka faɗa a gaban jama'a, janyewa kunya ce. Ba sai ka janye ba. Kwana 7 ɗin nan ka mayar da su na rajista. A bi tebur-tebur da littafi, suna, abin da yake sayarwa, wa yake ba shi kaya, shekara nawa a wurin. Ka sa dattawa biyu a ciki, da mutum biyu daga 'yan teburin su kansu. Ka je wurin sarkin kasuwa da ƙafarka, kada ka aika. Ka zauna da shugabannin layukan da ke ƙasa da ku. In ranar ta zo, da rana tsaka za a yi, kowa yana tsaye a kan kayansa, da jami'an tsaro, ba da samarin da aka ba kuɗin shayi ba.

Sannan kada ka fara da tebur. Manyan shaguna nawa ne suka zuba siminti suka rufe kwatar suka ƙara baranda? Ka san su, wasunsu su suka yi maka hidimar zaɓe. Tebur ana ɗaga shi a yashe ƙarƙashinsa a mayar, siminti fa? Matattakalar shagona, inda yaronka yake zama yanzu, ta hau kan kwata da ƙafa biyu cur. Ni na zuba ta a 1994, shekara shida bayan abin da na ba ka labari. Kowa yana yi a lokacin, kuma ƙofar ta yi tsayi ga mata masu saye, amma dai ni na zuba. Da ita za ka fara. Ka sa a kawo guduma a fasa ta da safe, kasuwa tana cike. Kuɗin leburan ni zan biya.

Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Kai kaɗai, wayoyin ka bar su a mota. Ka taho da littafin tikitin ƙungiya in akwai, ina son Auta ta karanta min sunayen, wataƙila na san iyayen wasu. Ummanku ta ce za ta yi dambu. Maganin ɗigon idona ma ya ƙare, kwalbar tana wurin direbanka tun wancan makon.

Ka gaishe min da mai ɗakinka da yara. Allah Ya yi maka albarka, Ya raba ka da haƙƙin mutane.

Mahaifinka.